Hank Aaron da homran na 715: shekarar da gwani ya kwana da ɗan sanda a ƙofa

Ƙarfe tara da minti bakwai na daren 8 ga Afrilun 1974, a filin wasan besbol na birnin Atlanta da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka, Al Downing na ƙungiyar Los Angeles Dodgers ya jefo ƙwallo, Hank Aaron, baƙar fata ɗan wasan ƙungiyar Atlanta Braves, ya sa sanda ya make ta. Ƙwallon ta tashi ta nufi ɓangaren hagu. Bill Buckner, mai tsaron wannan gefen, ya bi ta har ya ɗare shinge, amma ina, ta riga ta tsallake, ta faɗa hannun Tom House, wani mai jifa na ƙungiyar Aaron da ke tsaye a bayan shingen. Mutum 53,775 suka miƙe tsaye lokaci guda. Aaron ya kama zagaya filin a gudunsa na kullum, ba sauri ba taƙama. Yana wuce tasha ta biyu sai ga waɗansu samari biyu farar fata sun diro daga cikin 'yan kallo, sun biyo shi a guje suna dafa masa kafaɗa. A can cikin jama'a akwai ɗan sanda mai suna Calvin Wardlaw, wanda aka ba aikin tsaron lafiyar Aaron, da bindigarsa ɓoye a cikin jakar tabaron hangen nesa. A 'yan daƙiƙun nan sai da ya yanke hukunci ko ya zaro ta ko ya bari. Ya bari. Ashe yaran 'yan shekara 17 ne, murna ce ta ɗebo su.

Abin da ya sa na zaɓi wannan dare ke nan. Mutum ya kafa tarihi mafi daraja a wasan ƙasarsa, ya buga homran na 715 ya wuce 714 na Babe Ruth, amma a daidai lokacin akwai mai tsaronsa yana lissafin ko kashe shi aka zo yi. Da aka miƙa wa Aaron makirufo a tsakiyar fili, abin da ya fito daga bakinsa shi ne ya gode wa Allah da abin ya ƙare.

Ga wanda bai saba da besbol ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya jefo ƙwallo mai tauri da gudun da kan kai kilomita 145 a awa ko fiye. Kafin ta iso ba a cika rabin daƙiƙa ba, a ciki mai bugu zai gane ko miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, ya yanke shawarar kai mata sanda. In ya buga, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu da ke zagaye da fili, ya dawo inda ya tashi, shi ne ci ɗaya. In kuwa ya buga ta ta tsallake shingen ƙarshen fili, wanda kan kai mita 100 zuwa 120, ba mai iya tare shi, sai ya zagaya a natse tare da duk abokansa da ke kan tashoshi. Wannan shi ake kira homran. Wahalar wasan ta kai ga wanda ya ci nasara sau uku a cikin goma gwani ne. Babe Ruth, wanda ya bar wasa a 1935 ya rasu a 1948, ya tara homran 714, kuma kusan shekara arba'in Amurkawa suna ɗaukar wannan lamba tamkar dutsen da ba ya motsi.

An haifi Henry Louis Aaron ranar 5 ga Fabrairun 1934 a Mobile, garin bakin teku a jihar Alabama, cikin 'ya'ya takwas na Herbert da Estella Aaron. Mahaifinsa a tashar ƙera jiragen ruwa yake aiki. Kuɗin sayen sanda da ƙwallo babu, saboda haka da marfin kwalba da guntun itace ya koyi bugu. Duk wanda ya taɓa wulla marfin kwalba ya san yadda yake karkacewa a iska, ya nutse, ya kauce. Yaron da ya saba samun wannan da siririn itace, ƙwallo za ta zo masa kamar kwarya. Ya kuma yi aikin raba ƙanƙara gida-gida, yana ɗaga manyan curi, abin da ya ce ya ƙarfafa masa wuyan hannu. A 1948 Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a manyan lig shekara guda kafin nan, ya zo Mobile, Aaron ya gudu daga makaranta ya je sauraronsa.

A 1952, yana ɗan shekara 18, ya shiga Indianapolis Clowns, ƙungiyar lig ɗin baƙar fata, a kan dala 200 a wata. Wani abin mamaki, har zuwa lokacin riƙon sandarsa a juye yake: shi na-dama ne, amma hannun hagu yake ɗorawa a sama, saɓanin yadda ake koya wa kowa. A hakan yake dukan ƙwallo, sai daga baya aka gyara masa. Ya kan ba da labarin wata rana a Washington da suka ci abinci a wani gidan abinci, suna zaune suka ji ana farfasa farantan da suka ci a ciki a ɗakin girki. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, da kare ne ya ci a farantan, da wankewa za a yi. Ƙungiyoyi biyu suka neme shi, Boston Braves da New York Giants. Braves ta ɗara da dala 50 a wata, ta kuma biya Clowns dala 10,000. Da ba don wannan hamsin ɗin ba, da shi da Willie Mays, gwanin ɗan wasan Giants, sun yi wasa a ƙungiya ɗaya.

A 1953 aka tura shi Jacksonville a jihar Fulorida, ya zama cikin baƙar fata na farko da suka buga a ƙaramin lig na Kudancin Atlantika. Abokan wasansa su sauka a otal, shi da Felix Mantilla da Horace Garner a kai su unguwar baƙar fata su nemi makwanci. 'Yan kallo na zagi daga farkon wasa har ƙarshe. A shekarar shi ya fi kowa bugu a lig ɗin, shi aka zaɓa gwarzon shekara. Ina ganin wanda yake son fahimtar 1973 ya fara da wannan shekara, domin a nan ya koyi yin aikinsa ana zaginsa. Da bazarar 1954 Bobby Thomson ya karye a idon sawu lokacin atisaye, gurbi ya buɗe a Braves, wadda a lokacin ta koma Milwaukee. Ranar 23 ga Afrilun 1954 Aaron ya buga homran ɗinsa na farko, a hannun Vic Raschi na St. Louis.

To, ina ƙarfin ya fito? Nan ne lamarin yake da daɗin nazari. Aaron ba ƙato ba ne. Tsawonsa ƙafa shida, nauyinsa wajen kilo 82, kusa da Ruth sai ka ce ƙaninsa. Bugunsa ba ya tashi sama ya ɓace kamar na manyan masu bugun ƙarfi na zamaninsa irin su Mickey Mantle ko Harmon Killebrew. Yakan fita a miƙe kamar harsashi, ya tsallake shinge da ƙyar, amma lissafin ɗaya ne. Asirin yana wuyan hannu. Yakan jira har ƙwallo ta kusa wuce shi, nauyin jikinsa a kan ƙafar gaba, sannan ya fizgo sanda. Wanda yake iya jira haka ya fi kowa ganin irin jifar da aka yi masa kafin ya motsa. 'Yan wasan zamaninsa suna da magana, wai ka ce za ka wuce Aaron da ƙwallo mai gudu kamar ka ce za ka shigo da asuba zakara bai sani ba. Ban da hannu akwai kai. Idan yana zaune a benci yakan rufe fuska da hularsa, ya leƙa mai jifa ta ɗan ramin iska da ke jikin hular, don kada ya ga komai sai hannun mutumin da inda yake sakin ƙwallo. Yana riƙe da abin da kowane mai jifa ya yi masa a baya, da abin da yake yi in ya shiga matsi.

Alƙaluman sun nuna haka. Bai taɓa buga homran 50 a kaka ɗaya ba, mafi yawa 47 ne a 1971. Amma ya yi shekara 20 a jere, daga 1955 zuwa 1974, ba tare da ya yi ƙasa da 20 ba, kuma kaka 15 ya kai 30 ko fiye. Sau huɗu ya tsaya a kan 44 cif, lambar da ke bayan rigarsa. Masu bugun ƙarfi yawanci sukan biya da yawan kuskure, a fitar da su bayan sun kai sanda sau uku ba su samu ba. Aaron bai taɓa kai irin wannan fita 100 a kaka guda ba. A tsawon aikinsa ya yi bugu mai kyau 3,771, wato ko an cire homran ɗinsa 755 gaba ɗaya, saura 3,016, adadin da shi kaɗai ya isa a sa mutum cikin manya. Har yau shi ke riƙe da tarihin yawan ci da bugunsa ya jawo, 2,297, da na jimillar tashoshin da ya kai da bugunsa, 6,856.

Shekarar 1957 ita ce ta daɗi. Ranar 23 ga Satumba, a zagaye na 11 (wasa kan ƙare a zagaye tara, ana ƙarawa in an yi kunnen doki), ya buga homran ɗin da ya ba Milwaukee kambin lig, abokansa fararen fata suka ɗauke shi a kafaɗa. A wannan ranar ce kuma gungun fararen fata suka yi cincirindo a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock, jihar Arkansas, don hana ɗalibai baƙar fata tara shiga aji. Braves ta doke New York Yankees a gasar ƙarshe, Aaron ya zama gwarzon lig. Duk da haka sunansa bai yi amo kamar na Mays da Mantle ba. Su a New York suka yi suna, inda jaridu da talabijin suke, shi kuwa yana Milwaukee, ga shi ba mai surutu ba, hularsa ba ta faɗuwa in yana gudu.

A 1966 ƙungiyar ta koma Atlanta. Aaron bai so ba, ya san Kudu, a can ya tashi. Ta fuskar wasa dai ƙaurar ta yi masa rana, domin Atlanta tana kan tudu kusan mita 300 sama da teku, ga zafi, ƙwallo tana tafiya da nisa. Shi ma ya sauya salo, ya koma jan ƙwallo zuwa hagu inda shinge ya fi masa sauƙi. A 1969 kuma aka rage tsawon tudun mai jifa daga inci 15 zuwa 10, abin da ya taimaki masu bugu duka. Daga shekara 35 zuwa 39, lokacin da ƙarfin yawancin 'yan wasa yake zubewa, ya buga 44, 38, 47, 34 da 40, jimilla 203. Masu cewa filin Atlanta ne ya ba shi tarihin su duba wannan: a dukan aikinsa 385 ya buga a gida, 370 a waje. Kowa ya zaci Mays ne zai kamo Ruth, sai ya tsaya a 660. Aaron ya wuce shi a 1972, a shekarar da ya sa hannu a kwantiragin dala 200,000 a shekara, mafi tsoka a wasan a lokacin. Sannu ba ta hana zuwa. Sai a nan mutane suka farga cewa saura ƙiris.

Daga nan wasiƙu suka fara zuwa. A 1973 kaɗai ya karɓi kimanin 930,000, har hukumar gidan waya ta Amurka ta ba shi lambar shaidar cewa, in aka cire 'yan siyasa, babu wanda ya kai shi samun wasiƙa a ƙasar. Sakatariyarsa Carla Koplin ce ke buɗewa tana warewa. Gaskiya ita ce mafi yawansu na fatan alheri ne, musamman bayan da ya fito ya faɗa wa 'yan jarida abin da ake aiko masa, yara 'yan makaranta suka yi ta rubuto masa ƙarfafawa. Matar Babe Ruth, Claire, ta fito ta yi tir da masu zagin. Amma dubbai na ƙiyayya ne tsantsa, cike da zagin launin fata, waɗansu har da faɗin garin da ranar da za a harbe shi. Irin waɗannan hukumar FBI ake miƙa wa. 'Yarsa Gaile, da ke karatu a Jami'ar Fisk a Nashville, an yi barazanar sace ta, jami'an tsaro suka riƙa gadinta. Shi kansa ya daina sauka tare da abokan wasansa, yana kama ɗaki da sunan da ba nasa ba, yana cin abinci shi kaɗai a ɗaki, yana fita ta ƙofar baya. Wata jaridar Atlanta har ta sa an rubuta labarin rasuwarsa an ajiye, ko da za a buƙata.

Masu adawa da suke son su fake da lissafi suna da hujja guda: Ruth ya kai 714 a zuwa bugu (wato karon da ya tsaya gaban mai jifa) 8,399, Aaron kuwa ya zarce haka da dubbai, ya ƙare da 12,364. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai musun cewa a kowane zuwa Ruth ya fi saurin buga homran. Sai dai tarihin na jimilla ne, ba na sauri ba, kuma daɗewa ana yi ita ma bajinta ce. Sannan Ruth bai taɓa fuskantar mai jifa baƙar fata ko ɗaya a wasan lig ba, domin a zamaninsa an hana su shiga. Aaron ya fuskanci gwanayen masu jifa baƙar fata irin su Bob Gibson da Juan Marichal da Ferguson Jenkins, ya yi wasannin dare, ya yi tafiye-tafiye daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan. A ganina duk wannan muhawara rufa-rufa ce. Wanda ke rubuta wa mutum cewa zai kashe 'yarsa ba lissafin zuwa bugu ne ya dame shi ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi a shekarar shi ne halin garinsa. Ranar da ya buga na 711, mutum 1,362 ne kacal a filin Atlanta. Duk da haka, yana ɗan shekara 39, cikin wannan hali, ya buga 40 a zuwa 392 kawai, wato kusan ɗaya a kowane goma, saurin da bai taɓa yi ba ko yana saurayi. Ya buga na 713 ranar 29 ga Satumba, saura wasa ɗaya kaka ta ƙare. Washegari sama da mutum 40,000 suka zo, bai samu homran ba, amma suka miƙe suka yi ta tafa masa na tsawon mintuna. Sai aka shiga hutun sanyi, wata shida cur yana jira da saura ɗaya ya kamo Ruth. Ya faɗa a lokacin cewa fargabarsa ɗaya ce, kada ya kasa kaiwa kakar baɗi da rai.

Da kakar 1974 ta zo, sai rigima ta tashi daga wani gefen. Wasanni uku na farko a Cincinnati za a yi, masu ƙungiyar Braves kuwa suna son a kafa tarihin a gida don cinikin tikiti, suka ce za su ajiye shi a benci. Kwamishinan besbol Bowie Kuhn ya ce ba a isa ba, dole ya buga aƙalla biyu. Ranar buɗe kaka, 4 ga Afrilu, ta zo daidai da cika shekara shida da kisan Martin Luther King. Aaron ya roƙi a yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da shi, masu filin ba su yarda ba. Karon farko da ya kai sanda a kakar, ya aika ƙwallon Jack Billingham bayan shinge, 714. Kwana huɗu bayan haka aka dawo Atlanta. Gwamnan Jojiya Jimmy Carter yana wurin, haka ma Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Atlanta, wanda bai fi wata uku da hawa ba. Kwamishina Kuhn bai zo ba, ya tura wakili, abin da Aaron ya daɗe bai manta ba. Downing, wanda shi ma lamba 44 ce a bayansa, bai ba shi abin bugu a zuwan farko ba. A zagaye na huɗu ya ba shi.

Da ya iso tashar ƙarshe iyayensa suna can. Mahaifiyarsa Estella ta rungume shi ta ƙi saki, har ya ce bai taɓa sanin tana da ƙarfin riƙo haka ba. Mai sharhin Dodgers Vin Scully ya yi shiru ya bar ihun jama'a ya cika rediyo, sannan ya faɗi abin da kowa ke gani: ga baƙar fata ana tafa masa a tsaye a tsakiyar Kudu, don ya karya tarihin gwarzon da ƙasa ke ji da shi.

Sauran labarin gajere ne. Ya ƙare 1974 da 733, aka mayar da shi Milwaukee, wannan karon ƙungiyar Brewers, ya yi kaka biyu ƙarfi na raguwa. Na 755 ya zo ranar 20 ga Yulin 1976 a hannun Dick Drago na California Angels, ba wanda ya san shi ne na ƙarshe. Ya koma Braves a matsayin shugaban sashen rainon matasan 'yan wasa, cikin baƙar fata na farko da suka riƙe babban muƙami irin wannan, kuma bai daina faɗa a fili cewa ana hana baƙar fata kujerar koci da ta shugabanci ba. A 1982 aka shigar da shi zauren gwanayen besbol da ke garin Cooperstown da ƙuri'a kashi 97.8 cikin ɗari. A 2002 Shugaba George W. Bush ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula. Ranar 7 ga Agustan 2007 wani ɗan wasa mai suna Barry Bonds ya buga nasa na 756 ya karya tarihin Aaron, cikin zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ya dabaibaye shi. Aaron bai je filin ba, amma ya aiko da saƙon bidiyo na taya murna aka nuna a babban allo. Ya rasu a Atlanta ranar 22 ga Janairun 2021, saura mako biyu ya cika shekara 87.

Wasiƙun nan kuwa bai ƙona su ba. Ya zuba su a akwatuna ya ajiye a gidansa, kuma lokaci-lokaci yakan ɗauko ya karanta, ya ce don kada ya ruɗi kansa cewa abin ya wuce. A 2014, lokacin bikin cika shekara arba'in da daren 715, ya yi hira da jaridar USA Today, ya ce ƙiyayyar tana nan, tufafi kawai ta sauya. Cikin 'yan kwanaki sababbin wasiƙu da saƙonnin imel na zagi suka fara sauka a ofishin Braves, da irin kalmomin 1973, ana aika wa dattijo ɗan shekara 80.